Sandunan Ƙarfe na Mijina

Ina budurwa a Kawo, babu abin da na ƙware a kai kamar karanta ƙananan littattafan soyayya da ake bayarwa haya a bakin tasha. A cikinsu na koyi yadda ya kamata namiji ya kasance: dogo, mai ƙarancin magana, mai ƙamshin turare, kuma wanda ba ya tsufa, don labarin yakan ƙare ne ranar da aka kai amarya. Da Allah ya tashi ba ni miji, sai ya ba ni kusan irinsa. Ma'aikacin gwamnati ne, ya girme ni sosai, kuma yana wani wasa da babu wanda ya taɓa gani a layinmu, wato golf. Ranar da ya fara kai ni filin bayan aurenmu, na tsaya a inuwar wani maɗaci ina kallonsa cikin farin wando. Ya ɗaga sanda har bayan ƙeyarsa, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, 'yar farar ƙwallon ta tashi ta ɓace mini a sararin sama. Na ce a raina ashe masu rubuta littattafan nan ba ƙarya suke yi ba.

Su huɗu ne suke wasa tare kowace safiyar Asabar, tun kafin ya san ni. Akwai shi, akwai wanda suke kira Injiniya, akwai Barista, sai Firinsifal, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe yana shugabantar makarantar sakandare. A wasan, mutum huɗu ne iyakar waɗanda ke tafiya tare, babu na biyar. Kuma ba sa kiran juna a waya don tunatarwa. Alhaji, maigidan nawa, yana alfahari da wannan ƙwarai. Yakan ce mini abota idan ta kai abota ba ta bukatar waya, ka idar da sallar asuba, ka sha shayi, ka tafi, za ka tarar da mutanenka.

Sandunansu iri ɗaya ne. Injiniya ne ya zo musu da su daga wata tafiya da ya yi ƙasar waje, lokacin duk suna kan ƙarfinsu. Jikin sandar, wanda ni nake kira ƙota kamar ta fartanya, na ƙarfe ne mai nauyi da tauri. Na daɗe ina jin zancen a kan tabarmar cin abinci, har na haddace shi ba tare da na taɓa buga ƙwallo ba. Mai saurin hannu shi ke bukatar ƙota mai tauri, don kada ta yi masa lilo. Idan hannu ya fara sanyi, mai taurin ba ta lanƙwasa masa, ƙwallo ba ta tashi sama, ta faɗi kusa, ta kuma karkace dama. A nan sai mutum ya koma wa mara nauyi mai ɗan laushi, wadda take taya shi kamar bulala. Duk sun san wannan. Amma akwai wani dattijo a filin da ya koma irin waɗannan sanduna, suka sa masa suna Kaka, suna kwaikwayon tafiyarsa idan ya ba da baya. Daga nan suka yi alkawari, da wasa da dariya, cewa duk wanda ya fara sassauta ƙotarsa a cikinsu ya amsa tsufa, shi ma sunansa Kaka.

Alhaji bai iya alkawarin wasa ba. Wannan halin nasa ne ya sa na so shi, kuma shi ne ya cuce shi.

Bayan ya yi ritaya muka tare a gidanmu na Unguwar Dosa, abubuwa suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Direban ofis ya tafi. Masu zuwa gaisuwa da sallah suka ja baya. Wayar da a da nake ɓoye masa don ya samu ya ci abinci, ta koma sai ni da 'ya'yansa ke kiranta. Asabar ɗin nan ce kaɗai ta rage masa yadda take. Tun daren Juma'a yakan fito da jakar, ya goge kawunan sandunan da tsohon buroshin haƙori, ya jera su.

Sai kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Da farko ya ce kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Ya riƙa dawowa daga filin shiru, ya miƙo mini man zafi ba tare da ya kalle ni ba. Ina shafa masa ina jin yadda naman da na sani ya saki daga ƙashi, ina kawar da kai kada ya ga fuskata. A hankali na tattaro labarin daga 'yan kalmomin da ke kuɓuce masa. Ƙwallonsa ta daina kai inda tasu ke kaiwa. Inda suke bugu biyu shi sai ya yi uku, su tsaya can gaba suna jiransa, hannu a ƙugu. Barista ya taɓa tambayarsa ko a samo masa ɗan sahu ne ya riƙa kai masa ƙwallon. Ya ba ni labarin yana dariya, dariyar ba ta kai idonsa ba.

Likita ya ce masa ba sai ya bar wasan ba, ya dai rage nauyin abin da yake lilo da shi. Na roƙe shi a mota muna dawowa, na sake roƙonsa a gida. Ya ce Injiniya ya girme shi da shekara, ga shi har yau da ƙarfensa yake bugawa, ƙwallonsa kuwa kamar an harba.

"Kina so su ce mini Kaka?" ya tambaye ni.

Na ce ai jikokinsa ma haka suke ce masa kuma bai mutu ba.

Ya ci gaba da zuwa har ranar da ya kasa ɗaga hannu ya sa hula. Dole ya zauna a gida na wasu makonni. Sun zo duba shi sau ɗaya, su ukun, da ledar lemo da ayaba. Injiniya ya dafa kafaɗar mai ciwo ya ce ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai riƙe da shi. Aka yi dariya, har da Alhaji. Ni ce na kawo musu kunun aya a ranar, na zuba wa kowa da hannuna.

A cikin waɗannan makonni na je suna a Kinkinau, na haɗu da matar Firinsifal. Mace ce mai faɗin abin da ke bakinta, ma'aikaciyar jinya ce kafin ta ajiye aiki, kuma ina sonta. Muna zaune da faranti a cinya ta tambaye ni jikin Oga. Na faɗa mata.

"Tsaya, Hajiya. Kar dai ki ce mini har yanzu rodin nan yake ɗauka?"

Na ce wane rodi. Ta ajiye cokali ta dube ni da kyau. Ta ce ai maigidanta ya canza nasa tun kafin a aurar da autarsu, kuma shi ne ma na ƙarshe. Injiniya ne ya fara, Barista ya bi. Akwai wani mai gyaran sanduna a kusa da filin, yana cire tsohuwar ƙota ya sa wata ta ƙarfe mara nauyi, mai sheƙi iri ɗaya, ba ka bambancewa da ido. 'Yar takardar da ke manne a jiki ce kaɗai ke nuna ta masu shekaru ce, ita kuwa sai ya ɓare musu.

"Maza fa kenan," in ji ta, tana ci gaba da cin shinkafarta. "Furfura ma shafa mata baƙi suke yi, su zo suna tambayarki ya aka yi kika tsufa. Ni na ɗauka duk sun san na juna."

Sun san na juna. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma sun bar shi a haka shekara da shekaru, suna tsayawa can gaba hannu a ƙugu. A ɗan sahu ina komawa gida na riƙa tuna hannun Injiniya a kan kafaɗar nan, da kofin da na miƙa masa.

Na so in iya ɓoyewa, ban iya ba. Na same shi a tsakar gida yana sauraron rediyo, na faɗa masa duka, har da abin da ban yi niyyar faɗa ba game da abokansa. Ya rage muryar rediyon.

"Har da Firinsifal?"

Na ce har da shi. Ya gyaɗa kai. Can ya ce dama ya daɗe yana jin ƙarar bugunsu ta canza, amma ya ɗauka kunnensa ne ya fara tsufa. Bai zage su ba. Na so ya zage su. Abin da ya ce kawai shi ne in shirya gobe mu je wurin mai gyaran.

Na raka shi. Mutumin ya jero masa ƙota iri-iri ya gwada a gaban wata raga. Wadda ta fi kowace rashin nauyi Alhaji ya ce ba ya jin inda kan sandar yake, kamar yana lilo da kara. Wata mai laushi sosai ta riƙa watsa masa ƙwallo hagu. Ya tsaya a kan wata tsaka-tsaki, ya buga, ya sake bugawa, na ga bai yamutsa fuska ba. Rabon da in ga haka har na manta. Da za mu tafi, mai gyaran ya rage murya ya tambaya ko a ɓare takardar, kamar yadda manya suka fi so. Alhaji ya ce a bar ta.

Da kafaɗar ta yi sauƙi ya riƙa zuwa wurin gwajin bugu na filin a tsakiyar mako, lokacin da babu kowa. Yana dawowa da yunwa da surutu. Ni kuwa tsohon ciwona ya tashi, na shiga tsara labari a kaina: safiya mai sanyi, ciyawa da raɓa, shi cikin farin wando, ƙwallonsa ta wuce tasu duka, su sunkuyar da kai don kunya, shi kuma ya yafe musu da murmushi. Har kayan da zan sa na zaɓa. Na ce masa ko zai kira su ya ce yana dawowa ranar Asabar. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce tun yaushe ake kira.

Ranar Asabar muka isa filin da wuri, amma sun riga mu. Daga wurin ajiye motoci na hango su a inda ake fara bugu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Su huɗu ne.

Na huɗun na san shi. Yaron Alhaji ne a ofis a da, wanda yakan tsaya a ƙofar falonmu da fayil ba ya yarda ya zauna. Yanzu shi ke kan kujerar da Alhaji ya bari, kuma kamfanin Injiniya bai daina neman aiki a wannan ofis ba.

Barista ne ya fara ganinmu. Ya ce a'a, Alhaji, ashe jiki ya yi kyau, ai sun ɗauka sai bayan damina. Firinsifal ya gaishe ni yana kallon takalminsa. Injiniya ya zaro sanda ɗaya daga jakar Alhaji, ya juya ta, ya ga takardar, ya ɗaga wa sauran.

"Jama'a, mun yi sabon Kaka."

Babu wanda ya yi dariya sosai. Na buɗe baki, Alhaji ya taɓa mini hannu. Sabon mutumin, wanda shi kaɗai ne kunya ta kama a wurin, ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, ga wurinka, ni sai in bi na baya."

Nan ne na tsaya ina jiran ɗaya daga cikin ukun ya ce to, haka ya kamata. Injiniya ya duba agogonsa. Barista ya durƙusa yana gyara igiyar takalmi. Firinsifal ya kawar da kai. Alhaji ya ba su lokaci, na ga ya ba su, fiye da yadda ni zan iya. Sannan ya ce wa mutumin ya yi zamansa, dama shi motsa jiki kawai ya zo yi.

Muka jira suka yi nisa. Ya buga shi kaɗai, ni ina biye da shi da takalmi mai tsini yana nutsewa a ciyawa. Ƙwallon ta tashi yadda ban taɓa gani ba tun ina amarya, ta sauka a tsakiyar fili, nesa, kusa da inda suke tafiya. Firinsifal ne kawai ya waiwayo. Alhaji ya tsaya yana kallon sandar a hannunsa.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Ba ta da nauyi ko kaɗan."

Bai kai rabin filin ba ya ce rana ta yi, mu koma.

Asabar da ta biyo baya ya tashi a lokacin da ya saba, ya yi wanka, ya sha shayi. Ya zauna a falo da wayarsa a kan hannun kujera, shi da ya ce ba a kira. Ina kicin ina leƙensa har rana ta shigo ta taga ta kai ƙafarsa. Wayar ba ta yi ƙara ba. Sai ya ɗaga murya ya tambaye ni ko akwai abin da za a sayo a kasuwa, ya kai ni.