Saniya Mai Fukafukai

Shekarun baya kaɗan, lokacin da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a gidanmu a Gwarzo, yayana ya yi sabuwar waya ya miƙo mini tsohuwar. Gilashinta ya tsage ta gefe, cajinta ba ya kai la'asar, amma kyamararta lafiya lau. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta so ba tun farko. Sai da yayana ya yi ta lallashi sannan ta yarda, ta kuma kafa mini sharaɗi: "Ranar da wayar nan ta jawo mini magana, ko ta kai ki inda ba a aike ki ba, a rijiya za ta kwana." Duk wanda ya san Inna ya san ba ta faɗar abin da ba za ta aikata ba.

Sa'annina suna ta ɗaukar kansu hoto, ni kuwa tsuntsaye na sa a gaba. Kurciyoyin da ke sauka tsakar gida in an sheƙa gero, hankaka a kan katanga, shirwa tana shawagi a kan 'yan tsakinmu. Da yayana ya gaji da hotunan da nake tura masa, sai ya saka ni a wani guruf na masu ɗaukar hoton tsuntsaye, yawancinsu 'yan yankinmu na Gwarzo da Kabo. Shi ma yana ciki, amma ba ya taɓa cewa komai.

Guruf ɗin yana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Ranar Juma'a ranar haɗi ce: ka yanko tsuntsu daga wannan hoto ka manna a wancan, ka yi duk shirmen da kake so, a yi dariya, a gyara maka. Sauran ranaku kuwa hoton gaskiya kawai, yadda ido ya gani. Wanda ya kawo haɗi ya ce na gaskiya ne, waje za a yi da shi, ba roƙo ba ban haƙuri.

A cikinmu akwai wata Hajiya, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ɗanta ya saya mata kyamara ta gaske. Ba ta rubutu, saƙon murya take turowa. Za ta fara da gaisuwa, ta tambayi gida da damina da masu jiki, har ka saki jiki, sannan ta ɗauko hotonka ta fara feɗe shi. Kowa tsoronta yake. Haɗina na farko, na ɗora shamuwa a kan rumbun Inna, ina ganin na yi abin tarihi. Hajiya ta ce: "'Yata, tunanin ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma shamuwar nan taki aljana ce? Rumbu yana da inuwa, akuyar da ke gefe tana da inuwa, ita ba ta da shi. Kuma kin bar mata farin layi a gefen wuya kamar an yanko ta da reza." Na ji haushi har na ƙi cin tuwo. Juma'ar da ta biyo baya na sa wa hankaka hular yayana, shi ma na manta da inuwar. Daga nan aka fara kirana mai tsuntsaye marasa inuwa.

A farkon daminar shekarar ne aka tura ni ƙauyen Durun, gidan kawuna, na taya matarsa aiki saboda ba ta jin daɗi. Mu asalinmu masu kiwo ne, kuma kawuna har yanzu yana da shanu a turke a bayan gidansa. Kafin na tafi Inna ta ja mini kunne: jar saniyar kawu ta haihu, haihuwar fari ce, ko shi kansa da lallami yake kusantarta. "Kada na ji an ce ko inuwarki ta gifta wajen turken nan."

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, na leƙa ta bayan danga sai na hangi balbela tsaye cak a kan jar saniyar, daidai tsakanin ƙahonninta. Fara fes, rana tana fitowa ta bayanta. Daga inda nake, wayata ba ta nuna komai sai ɗan farin ɗigo. Na ce bari na ɗan matsa. Na matsa. Na ƙara matsawa a tsugune, idona a kan waya, ban lura ɗan maraƙin yana kwance a cikin ciyawa dab da ƙafata ba.

Hucinta na fara ji. Na ɗago kai na ga ta sunkuyar da kai ta yo kaina. Ban san lokacin da na danna wayar ba, na dai san na yi baya, na yi tuntuɓe da kunyar gona, na faɗi rigingine. Igiyar turke ce ta ƙare, ta fizge ta baya, ƙahonta ya tsaya kusa da ni har ina jin ɗumin numfashinta a ƙafata. Da rarrafe na bar wurin. Hijabina ya yage, gwiwar hannuna ta ɗaye. Da matar kawu ta tambaya na ce ƙaya ce, da na koma gida ma haka na faɗa wa Inna.

Sai da na natsu na duba wayar. Hoto ɗaya ne tak. Balbelar ta zabura za ta tashi, jikinta ya ɓuya a bayan kan saniyar, fukafukanta kaɗai suka buɗe ta dama da hagu. Sai ka rantse jar saniya ce ta tsiro fararen fukafukai za ta tashi sama. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba. Ranar Talata ce, nan take na tura shi guruf.

Shugaban guruf ɗin, wani matashi mai shagon buga takardu, shi ya fara magana: "Ƙanwata, kin yi kuskuren rana. Juma'a ake kawo irin wannan."

Na rubuta cewa ba haɗi ba ne, ni na ɗauka da hannuna.

Kamar jira ake. Wani ya ce, "To, saura raƙumi mai ƙafar agwagwa." Wani ya ce, "A tambaya mana ita, madarar saniyar nan ake sha ko ƙwanta ake soyawa?" Aka ce na turo na asali. Na sake tura shi ɗin dai, tunda ba ni da wani. Dariya ta ƙaru. Shugaba ya rubuta cewa doka doka ce, ko na amsa haɗi ne na ba jama'a haƙuri, ko na yi bayanin yadda aka yi na ɗauka, in ba haka ba zai cire ni kafin Juma'a.

Nan na rasa inda zan sa kaina. In na ce haɗi ne, na zama maƙaryaciya a kan abin da na kusa rasa raina a kansa. In na faɗi yadda aka yi, yayana yana ciki, kuma bakinsa ba ya riƙe magana a gaban Inna, wayata ta tafi rijiya ke nan. In na yi shiru a kore ni. Ta ko'ina dai hoton tsuntsu ya ƙare mini, kuma a lokacin ba ni da wani abu da nake tashi da safe ina ɗokinsa sai shi. Na yi ta leƙa guruf ina ganin ana yi da ni.

Washegari na koma gida, da yamma muna zaune tsakar gida ni da Inna muna tsinke zogale, sai ga saƙon muryar Hajiya, dogo. Na so na tashi na shiga ɗaki, amma hannuna ya riga ya taɓa, kuma muryar wayar a buɗe take. Inna ta ce, "Zauna, wace ce wannan mai gaisuwa kamar ta zo biko?"

Hajiya ta gama gaishe-gaishenta tsaf, sannan ta ce: "Na ga hoton 'yata. Bari na fara da gyara, kamar yadda muka saba. Hoton nan ya karkace, dangar da ke baya kamar za ta zube. An yanke wa saniya kunne ɗaya. Ƙafafunta sun dushe, ba a ganinsu sosai. Sannan ku dubi ƙasa ta hagu, wannan baƙin abin ba dutse ba ne, ɗan yatsan mai ɗauka ne ya rufe kyamara."

Hawaye suka cika mini ido. Na ce shi ke nan, ita ma ta zo ta ƙarasa ni.

Sai ta ci gaba: "To ku masu cewa haɗi ne, ina da tambaya. Wane ne zai zauna ya ɓata lokacinsa ya haɗa hoto, sannan ya karkatar da shi, ya yanke kunne, ya sa yatsansa a ciki? Mai haɗi gyara yake nema, ba ɓarna ba. Na biyu, ni na san haɗin yarinyar nan kamar yadda na san tafin hannuna. Yarinyar da ta kasa sa wa shamuwa inuwa, ta kasa sa wa hankaka, yaushe ta ƙware har ta shimfiɗa inuwar fiffike a kan doron saniya, ta bi lanƙwasar tozo daidai? Ku buɗe hoton ku gani. In ita ta haɗa wannan, gobe ni zan ɗauko allona na je gidansu karatu."

Sai muryarta ta sauya. "Kun tsaya kallon fukafukai, ba wanda ya kalli saniyar. Ku dubi yadda ta sunkuyar da kai. Ku dubi idonta. Ku dubi igiyar wuyanta yadda ta miƙe kamar za ta tsinke. Kuma daga ƙasa aka ɗauki hoton nan, mai ɗaukar faɗuwa take yi. 'Yata, bar batun hoto tukuna. Kin tsira lafiya? Ba ta taɓa ki ba?"

Wallahi tun ranar da abin ya faru ban yi kuka ba sai a lokacin. Kowa ya kalli hoton ya ga abin dariya, ita kaɗai ta kalla ta gan ni a ciki.

Inna ta ajiye zogalen a hankali. "Miƙo wayar nan." Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta kalli gwiwar hannuna. "Au! Wannan ce ƙayar? Ƙaya mai ƙaho?"

Na sunkuyar da kai, ina satar kallon rijiya.

"Kuma su waye ke cewa ƙarya kike?"

Na ce mata 'yan guruf ne, har za a kore ni.

"Ina ake dannawa a yi magana?"

Na nuna mata. Inna, wadda ko kiran waya sai an riƙe mata, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar ana ganinta, ta yi sallama ta ce: "Ni ce uwar yarinyar nan. Saniyar nan ta ƙanina ce, a Durun take, ni na san uwarta na san kakarta, duk zuriyarsu ba mai hankali. Wanda ke shakka ya zo na sa a raka shi har turken, ya ɗauko nasa hoton, in ya dawo da ƙafafunsa sai mu gwada. 'Yata tana da taurin kai, wannan tsakanina da ita ne. Amma ba ta haɗa muku komai ba. Hajiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, ya raya zuri'a."

Guruf ya kacame. Mai tambayar ƙwan saniya ya ce, "Inna, a yi mana afuwa, mun yafe zuwa Durun." Shugaba ya ba ni haƙuri a gaban kowa, ya kuma buga mini hoton babba a shagonsa, ya aiko yayana da shi. Hajiya ta ƙara ɗan gajeren saƙo, ta ce hoton ya yi kyau amma kada na sake irinsa, tsuntsu ana jiransa ne, ba a bin sa, na nemi inda yake sauka na zauna nesa da rana a bayana, zai zo da kansa.

Ni dai ina jiran hukunci. Inna ta juya wayar a hannunta, ta juya, sannan ta jefo mini ita a cinya. "Ki ci gaba da ɗaukar tsuntsayenki. Amma waɗanda ba ƙaho a ƙarƙashinsu." Faɗan da ta yi mini daga baya kuwa, wannan ba na bugawa a nan ba ne.

Yanzu hoton yana rataye a ɗakinta, a karkace kamar yadda aka ɗauke shi, da yatsana da komai. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta nuna mata ta ce, "'Yata ce ta ɗauka, tana faɗuwa." Ni kuwa ba na iya daɗewa ina kallonsa. Har yau in saniya ta yi huci kusa da ni, ko a kasuwa ne, sai na yi tsalle gefe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kurakuran da Hajiya ta lissafa su ne suka wanke ni. Da yabo kawai ta saba yi mini, da ba ta san hannuna ba, da ba ta da abin da za ta kare ni da shi. Na koyi sa inuwa daga baya, har yanzu nakan gyara wa sababbin shiga nasu. Kuma duk lokacin da wata ta turo hoto a karkace, nakan buɗe shi na duba kusurwa-kusurwa kafin na ce komai. Kwanaki wata yarinya ta turo hoton zalɓe a bakin ruwa, rabinsa duk laka. Kafin kowa ya fara dariya na danna na ce mata, "Ƙanwata, za mu zo kan hoton. Ke dai kin fito lafiya?"