'Yan Tsakin da Kakata Ta Ɓoye

In warin jiƙaƙƙiyar dusa ya bugi hancina, sai in gan ni tsugune a bakin akurki, a gidanmu na Azare. Kakata ce ta ba ni kaza, yadda ake ba kowace yarinya a gidan, wai in ta hayayyafa a sai mini tunkiya. Kazar ta yi ƙyanƙyasa bayan girbi, daidai lokacin da annobar nan mai murɗe wa kaji wuya take zuwa.

Sai ga malamin dabbobi a kan keke, da 'yar kwalba naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce cutar ce da kanta a ciki, da ranta, amma an karya mata ƙarfi. In jikin ɗan tsako ya yi kokawa da ita ya kayar, to ya san ta ke nan, ko babbar ta zo.

"Cuta da ranta?" in ji kakata. "Malam, kai za ka sha?"

Ku sani, ita ce ta ɓoye babana a rumbu sa'ad da masu lambar rigakafi suka shigo gari, kuma tana alfahari da hakan. Da babana ya ce a yi wa 'yan tsakin allura, ba ta musa ba. Amma kafin malamin ya gama shan ruwa a zaure, ta tsince masu ƙibar ta kife su da masaki a ƙarƙashin gadonta. Ramammun ta miƙa masa.

Washegari waɗanda aka yi wa allurar suka saki fukafukai, suna 'yar atishawa, ko dusar ba sa kallo. Na yi ta kuka.

"Share hawayenki, ja'ira," ta ce. "Ai na rage miki iri."

Ta jiƙa musu barkono a kasko. Kafin kasuwa ta zagayo sun miƙe suna tonon ƙasa, ta ce aikin barkononta ne.

Ana nan maƙwabcinmu ya sayo zakara daga Shira, annobar ta biyo shi. Masu ƙibar nan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ramammun kuwa suna ta kiwonsu. Kakata ta ɗora na ƙarshen a tafin hannunta, wuyansa a murɗe, ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa.

"Ni na hana shi koyon faɗa," ta ce. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Ta binne su da kanta, sannan ta zaunar da ni ta yi mini kitso, a hankali, ba ja ko ɗaya.

Yanzu mu da kanmu muke bin layi a asibiti da goyonmu. Yau na kai ɗana rigakafi, ga shi nan kwance a cinyata jikinsa zafi rau. Na yi sakandare, na san dalilin zazzaɓin, amma har yanzu sai taɓa goshinsa nake yi. Da ma'aikaciyar ta ɗago allurar ɗazu, wallahi sai da na waiga na dubi ƙofa. Sannan na ƙanƙame shi, na runtse ido, na ce ta yi.