Damben Alluna Biyu a Ƙofar Gidana

Ɗana na fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Idan ina da magana da shi, akuyata nake gaya wa, shi kuma ya tsinta.

Lokacin yana aikin buɗe ƙofofin ruwa a Kadawa. Can ya koyi darar Turawa da suke kira ces, mai doki da sarki da sarauniya, wajen wani Bature injiniya. Duk shekara ma'aikata kan yi gasa, wanda ya ci a tura shi Kano. Kullum wani akawu mai ƙaton tabarau ke kayar da shi a wasan ƙarshe, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo.

Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya ba shi alluna biyu masu aiki da batir, waɗanda ke buga wasan da kansu. Ya ce ya gwada, ya riƙe ɗaya don koyo, ya mayar da ɗaya kafin Juma'a. Ɗaya baƙi ne, mai sauri, ya yi tsit ya cinye maka doki ba sallama. Ɗayan ruwan ƙasa, sai ya yi ta ƙyafta ƴan fitilunsa kafin ya motsa. Amma shi yana yarda a koma baya, har ya nuna maka inda ka ɓata.

Yaron ya rasa na zaɓa. Baffansa, wanda ya yi dambe da ƙuruciya, ya ji labari ya zo har zaure.

"Wane irin gwaji kuma? A haɗa su mana! Wanda ya yi kisa shi ne naka."

Ranar babu rediyon da ya yi magana a unguwarmu, duk an kwashe batiran. Waɗanda suka yi sanyi aka shanya su a rana kusa da kauɗar tumatir. Bayan la'asar ƙofar gidana ta cika. Masu tsinkar tumatir suka ajiye kwanduna, Bafulatana mai kawo mana nono ta sauke ƙwarya, wani ma har da kalangu. Nan take aka raɗa musu suna, Ɗan Baƙi da Malam Sannu. Yaron ya zauna a tsakiya kan tabarma, abin da wannan ya buga ya kai wa wancan.

Ni ina bayan zana da faifan shinkafa, wai tsinta nake yi. Ɓular da nake leƙe ta fi faifan samun idona.

"Buge shi, Ɗan Baƙi!"

"Malam Sannu ya yi barci, a yayyafa masa ruwa!"

"Baffa, don Allah kar a kawo buta nan!" in ji yaron, yana kare allunan da hannu biyu.

Duk taron babu wanda ya san dokar wasan. An ci doki, ihu. An ci ɗan soja, ihu. Baffa ya yi wa Ɗan Baƙi kirari har rawaninsa ya kwance, alhali a daidai lokacin Ɗan Baƙin ne aka ci wa. Mai kalangu kuwa bai san wa yake yi wa kiɗa ba. Ni ɗin nan da yaran unguwa ke gudu idan na ɗaga gira, sai ga ni ina cusa bakin zane a baki.

Ƙarshe dai Ɗan Baƙi ya ritsa sarkin Malam Sannu a lungu. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka ɗaga Baffa sama kamar shi ya yi wasan.

Da aka watse, yaron ya shigo da allunan. Na dubi akuya na ce, "Ke, mai hankali dai wanda ya yi nasara yake ɗauka."

Ya durƙusa yana sosa mata kunne. "Gaya wa Inna, mai dukana ina da shi a ofis, har da tabarau. Wanda zai gaya mini inda nake faɗuwa nake nema."

Ya mayar da Ɗan Baƙi. Baffa ya daina amsa gaisuwarsa.

Daga nan kullum ya taso aiki sai ya jera wasannin da akawun ya ci shi, daga ka, yana bi, Malam Sannu na ƙyafta masa ido. Sai in ji ya dafe goshi ya tuntsire da dariya: "Ashe nan ne! Kullum da wuri nake fito da sarauniya!" Su koma baya, su sake. Rediyona kuwa ya yi ta zaman makoki, batir ya ƙare a kan Malam.

Ranar gasa, tun daga bakin kanal ɗin ruwa nake jin ƙararrawar kekensa, ba ta tsaya ba har ƙofar gida. Ya shigo, bai dube ni ba, ya rungumi akuya.

"Kano za mu!"

Na ɗaure fuska. Na shiga ɗaki na ciko ƙwarya da dusa, na ƙara harawar wake a kai, na dire gabanta.

"Ci," na ce. "Kin yi ƙoƙari."

Sannan na zaga bayan rumbu, inda ba mai ganina, na taka rawa har ɗankwalina ya faɗi.