Tafin Hannun Ɗanasabe

A shekarun da dalar gyaɗa ke tashi a Kano, duk mai jaki daga Dangora har Ƙofa ya san Ɗanasabe mai ɗinkin akumari, abin nan da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora kaya. Faɗansa a kan abu ɗaya ne, ƙyallen ƙasa da ke taɓa bayan jaki. Yakan baje shi a daɓe, ya danne gefuna da duwatsu, ya zuba ƙaiƙayi, ya rufe, sannan ya bi da basilla yana ƙullewa. Bayan kowane ƙulli sai ya zura hannu ƙarƙashi ya shafa.

"Ido maƙaryaci ne," yakan ce. "Ninki ɗaya ya isa ya yi wa jaki miki."

Shekara ashirin ba a taɓa dawo masa da aiki ba, sai ranar da Hamman, wani Bafulatanin Doguwa, ya jawo jakinsa, baya duk ya saluɓe. Ɗanasabe ya juya akumarin. Ga ninki nan, kaurin yatsa. Ya shafa. Idonsa na gani, amma tafinsa bai ji komai ba.

Haka kuturta ta fara wa kawunsa, wanda ya ƙare a bukka bayan gari, da ƙwaryarsa daban.

Da ya shiga gida matarsa Tabawa ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ɗauki basilla ya soka a tafinsa, yana roƙon Allah ya ji zafi. Jini ya fito.

Tabawa ce ta yi ƙara.