Ruwa Mai Aiki Uku

A gidanmu na Matameye ruwa ba ya taɓa ƙasa sai ya yi aiki uku. Dokar Iya ce, kakata ta wajen uba, kuma ko sojojin da ke mulki a lokacin ba su kai ta tsare doka ba. A wanke gero da shi, a ɗauraye ƙore, sannan a kai wa zogalen da ke bayan ɗakinta. Alwala ma a kan tasa ake yi don a tara ruwan. Ni Dije, ina 'yar shekara tara, ni ce mai kai wa zogale tasar kullum bayan la'asar.

Shekarar nan ruwan sama ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Rijiyar unguwa ta koma laka, tulu biyu kacal ake ba kowane gida, jandarma na tsaye a kai. Baba ya tafi Kano cin rani, sana'ar ga-ruwa ma yake yi, ka ji ikon Allah, sai aka rufe iyaka ya kasa dawowa. Inna tana goyon ƙanena Mutari, nononta ya soma ƙafewa, yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Abin da ke ɗan riƙe nonon shi ne ganyen zogalen nan da Iya ke dafa mata safe da yamma.

Ni kuwa ina da 'yar akuya. Baba ya ba ni ita ranar da zai tafi, ya ce in riƙe ta amana har ya dawo. Da na ga ta fara tangaɗi don ƙishi, sai na kai mata tasar bayan rumbu, ta shanye. Na yayyafa ɗan saura a gindin zogale don a ga danshi. Kwana shida ina haka. Ganye ya soma yin rawaya yana zuba, ina gani, amma na kasa bari.

Iya ba ta hura wuta don hira kawai. Kara uku da busasshen kashin shanu take sawa a murhu bayan magariba, tukunya a kai, tatsuniya kuma tsawon wutar ce. Ran nan ganyen da ta tsinko bai cika tafin hannunta ba. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, Mutari ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Iya ta ce mu matso ga wata tatsuniya nan tafe, ba ta ko dube ni ba.

Ta ce wata mata ce ta tsinci ƙwarya a bakin busasshiyar rijiya, kullum da safe sai ta same ta cike da ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: aikin ƙarshe na ruwan na itacen da ke tsakar gida ne, domin a saiwarsa ƙwaryar ke ɗiba. Matar tana da 'ya mai tausayi. Yarinyar ta tsinci 'yar barewa tana mutuwa, ta ɓoye ta, tana ba ta rabon itace. Barewa ta miƙe. Ƙwarya kuwa kullum tana tsukewa, yau kamar ƙoƙo, gobe kamar ludayi, ga jariri a gidan yana kuka.

Nan ta tsaya, ta tura ragowar kara cikin murhu.

"Dije, ni na manta ƙarshenta. Ƙarasa mana."

Mutari ya sake wani kuka siriri. Sai kawai na fashe da kuka, na faɗi komai, har da yayyafin da nake yi. Inna ta miƙe. Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta ce da asuba za a yanka akuyar, ɗanta ba zai mutu saboda dabba ba.

"Ba za a yanka ba, amanar ubanta ce," in ji Iya. "Tasa ta koma ga zogale daga gobe. Akuya kuwa ku bar mini ita."

Haka aka yi. Na riƙa juye tasar a gaban idon Inna. Bayan kwanaki itacen ya toho, nono ya dawo kaɗan-kaɗan. Akuya ma ba ta mutu ba, ni kuwa don wauta ban tambayi yadda aka yi ba. Na dai ga azumin Litinin da Alhamis na Iya ya koma na kullum. Leɓɓanta suka tsattsage, in ta yi dariya sai jini ya fito. Har tsokanarta nake yi, wai tsohuwa tana gaggawar shiga Aljanna ta bar mu.

Sai ranar da Iya ta rasu, ina da 'ya'ya biyu, Inna ta gaya mini. Moɗar da ake auna wa Iya ta sha da rana, ita take kai wa akuyata bayan rumbu, har damina ta sauka.

Yanzu ina Damagaram, da pampo a tsakar gidana, da zogale uku a jikin katanga. Akwai tasa a ƙarƙashin pampon. Yarana suna cewa rowa gare ni, Mutari ma in ya zo, ƙato da gemunsa, yana taya su dariya. Ina barinsu su yi. Da ina zaton tsumi da tanadi kawai Iya ta koya mini. Yanzu na san duk ruwan da na zubar a banza, akwai wanda zai yi ƙishinsa, ko da bai faɗa ba. In na ga ana sakin pampo yana kwarara ƙasa, leɓɓan Iya nake gani.