Baba Kwaɗo da Ɗaliban Malama

Ƙanin mahaifiyata ne, amma duk layin Baba Kwaɗo ake kiransa, don sana'arsa yankan makulli da gyaran kwaɗo. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: injin yanka a kan teburi, makullai rataye a ƙusoshi har sama, garin ƙarfe kuwa har cikin gemunsa. Kawu bai yarda da kowa ba. Matarsa takan ce ko inuwarsa ce ta biyo shi sai ya tambaye ta wa ya aiko ta. Yana da dalilinsa. Tun yana saurayi wani mai manyan kaya ya kawo makulli a yanka masa irinsa, ashe na gidan maƙwabcin mutumin ne. Aka yi wa gidan ƙarƙaf, Kawu ya sha zarya wurin 'yan sanda kafin gaskiya ta fito.

Wata rana da yamma ɗalibai mata biyu suka yi sallama a shagon, sanye da kayan makarantar sakandare. Mai tabarau a cikinsu ta ce malamarsu ce ta ce kowa ya nemi mai sana'a ya zauna da shi, ya ji yadda ya fara da irin wahalar aikin, don su san inda za su dosa in sun gama. Kawu ya dube su sama da ƙasa, ya jawo akwatin kayan aikinsa kusa da ƙafarsa. Da yarinyar ta tambayi wane kwaɗo ne ya fi wuyar buɗewa, kuma yaushe shagon ya fi cika, sai ya ce a ransa biri ya yi kama da mutum, 'yan leƙen asirin ɓarayi ne. Ya dinga shirga musu ƙarya: wai cikin 'yan kwanaki ya koyi aikin, wai ba wata wahala, wai makullan nan na bango duk lalatattu ne. Suka yi godiya suka tafi.

Hankalinsa bai kwanta ba. Washegari ya rufe shago da kwaɗo kan kwaɗo, ya nufi makarantar. Ya sami Malama a ofishin malamai, gajeriyar mace mai alli a gefen mayafi. Ta yi masa bayani a tsanake, ta ce yaran da kansu suke tsara tambayoyinsu.

"To ke me za ki samu a ciki, Malama?" in ji Kawu.

"Baba, zo ka zauna a bayan aji ka ji da kunnenka."

Ya zauna a bencin ƙarshe, hannunsa a kan aljihu. Ɗalibai suka riƙa tashi suna ba da labarin wanda suka je wurinsa: wannan nas, wancan mai gyaran firiji, wata kuma ma'aikaciyar banki. Mai tabarau ta miƙe ta maimaita duk abin da Kawu ya faɗa, ba ta rage ko harafi ba. Wani dogon ɗalibi ya ce in haka ne shi kam ya huta da jarrabawa, sati mai zuwa zai buɗe shagon makulli. Aji ya tuntsire da dariya. Kawu, wanda ya yi shekaru yana share garin ƙarfe kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa inji, ya ji abin har cikin ƙashinsa. Sai da aka tashi ya gaya wa Malama ta ce wa yarinyar ta dawo shagon, amma ta zo da mahaifinta.

Uban nata direban motar makaranta ne mai ritaya, fuska ba walwala. Yana shiga shagon ya ga injin, sai ya zare makullan gidansa daga ƙugu ya cusa su can cikin aljihun wando. Kawu ya gani, ya gyaɗa kai, ya ba shi kujerarsa ta kansa.

"Wannan shi ne mai hankali," ya ce da yarinyar. "Sake tambayata daga farko, 'yata."

Ranar ya gaya mata gaskiya: ciwon ido, yankan yatsu, da yadda ake kallon mai sana'ar da zarar an yi sata a unguwa. Tambayar kwaɗon da ya fi wuyar buɗewa ce kawai ya ƙi amsawa, uban kuma ya goyi bayansa.

Yarinyar dai aikin lantarki ta je ta karanta. Malama ta ci gaba da turo ɗalibai duk shekara, Kawu yana karɓarsu, yana kuma gaya mana har yanzu bai gano abin da matar nan take nema ba. Shi da direban kuwa suka zama aminai. Yanzu da idon Kawu ya yi rauni, ɗansa ke kan inji, su biyun suna zama a benci a ƙofar shago har la'asar, duk wanda ya gifta sai sun tattauna inda ya fito da abin da ke cikin jakarsa.