Surukin Inna Sau Uku a Hoto Ɗaya

Ranar da za mu kwaso Inna daga Gurbin Bore zuwa Kaura, bayan 'yan bindiga sun hana kowa sakat, abu ɗaya ta roƙe ni. In ɗauki hoton gidan gaba ɗayansa, tana ciki. Tun tana amarya take zaune a gidan nan.

Gidan ya fi ƙarfin hoto ɗaya, amma na koyi wata dabara a makaranta. Ka tsaya wuri guda kana juyawa kana ɗauka, kowane hoto ya hau gefen na bayansa. Kwamfuta ce za ta nemo abin da ya maimaitu, kusurwar rumbu ko tsagar katanga, ta ɗinke su su zama dogon hoto guda. Sharaɗin dai kada kowa ya motsa. Duk abin da ya motsa a mahaɗar hotuna biyu, datti take ɗaukarsa ta share.

Sau biyu na faɗa wa mutanen gida haka. Sai dai akwai mijin ƙanwata, sarkin son a sani. Ranar kwasar kaya ya zo cikin sabuwar babbar riga, ko tsinke bai ɗaga ba. Duk inda na juya wayar sai ya zagaya ta bayana, ya je tsakiya ya dasa kansa yana gyara hula. Inna kuwa ba ta taɓa tsayawa kusa da suruki ba. In ya matso sai ta ja mayafi ta gusa. Ni kuma hankalina na kan gefen hotuna, direba na ta danna ham a waje. Ban lura ba.

A Kaura na haɗa hotunan. Gidan ya fito tsaf, daga zaure har turken awaki. Ga mutumin nan sau uku, jikin rumbu, bakin rijiya da ƙofar ɗakin Inna, yana washe jajayen haƙoransa na goro. Inna babu. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a kowanne tana gefe tana tafiya, ta juya baya. Wallahi ƙyama ta kama ni, tasa, da ta na'urar da ta zaɓi mai rigar ta watsar da mai gidan, da tawa ni da nake riƙe da wayar. Don rashin ta-ido har aikowa surukin ya yi a wanke masa nasa hoton babba.

Komawa ba ta yiwuwa, hanyar ba ta biyuwa yanzu. Na yi ta ja wa Inna rai, kullum tana tambaya, har na gaji na wanko na kai mata. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake dawowa a hankali.

Ta ce, "Kai, shin gidan ga nau na, ko nashi?"